Wasiƙar Da Ba Ta Shiga Cikin Hukunci Ba

Mai karatu, in dai ka na cikin waɗanda su ka taso da kallon finafinan kaboyi, to sunan Wyoming ba baƙo ba ne a kunnen ka. A can aka kafa labarin fim ɗin "Shane" na 1953, wanda George Stevens ya ba da umarni, Alan Ladd kuma ya fito a jarumi. Ka tuna labarin? Ƙananan manoma sun zo sun kafe shinge, wani attajirin mai shanu ya ce ai shi ya riga kowa zuwa, daga nan sai bindiga ta ɗauki magana. A can ne kuma Michael Cimino ya kai mu cikin "Heaven's Gate" na 1980, wanda aka gina a kan rikicin makiyaya da manoma na 1892.

To amma ka san sunan nan aro ne? Wyoming ta asali wani kwari ne a gefen kogin Susquehanna, a arewa maso gabashin jihar Pennsylvania, fiye da kilomita 2,000 daga waccan ta kaboyi. Kalmar daga harshen ƙabilar Delaware ta fito, ma'anar ta shimfiɗaɗɗen fili na bakin kogi. Sai a 1868 aka ɗauki sunan aka liƙa wa yankin yamma, wanda ya zama jiha a 1890. Rikicin filin da aka yi a Wyoming ta farko ya girmi na fim da fiye da shekara ɗari, ya kuma fi shi ɗaci. A tsakiyar sa akwai wata 'yar wasiƙa da aka rubuta da hannu ran 31 ga Disamba, 1782. A kan ta na ke so mu tattauna a wannan watan. Sai dai kafin mu buɗe ta, dole mu ɗan koma baya mu ga yadda aka haihu a ragaya.

Sarki ɗaya, kyauta biyu

Ka san halin dillalin da zai sayar wa mutum biyu fuloti ɗaya, kowa ya ba shi takarda, shi kuma ya yi gaba abin sa? To, kusan haka Sarki Charles na Biyu na Ingila ya yi, sai dai shi bai ma taɓa taka ƙasar da ƙafar sa ba.

A 1662 ya ba mutanen Connecticut takardar mallaka. Takardar ta ce ƙasar su ta faro daga gaɓar Narragansett ta miƙe yamma har sai ta dangana da tekun Pasifik. A lokacin babu wani a Landan da ya san faɗin nahiyar, an dai ja layi ne kawai da alƙalami. Bayan shekara 19, a cikin Maris na 1681, sai Sarkin nan dai ya sake ba William Penn wata takardar, don ya rage bashin fam 16,000 da mahaifin Penn ke bin gidan sarauta. Ƙasar da aka ba Penn ita ce Pennsylvania. Da ka ɗora takardun biyu a kan taswira, sai ka ga kusan sulusin Pennsylvania ta arewa ya faɗa cikin zirin da aka riga aka ba Connecticut.

An yi shekara saba'in babu wanda ya ce uffan, domin daji ne, kuma ya na da masu shi. Sai da gonakin Connecticut su ka fara yi wa jama'ar ta kaɗan, ga ƙasar duk duwatsu, ga 'ya'ya na ta ƙaruwa, sannan aka tuna da tsohuwar takarda. A 1753 wasu mutane su ka haɗu a garin Windham su ka kafa Kamfanin Susquehannah, su ka riƙa sayar da hannun jari. Duk wanda ya saya, an yi masa alkawarin gona a kwarin Wyoming.

Takardar ciniki ta 1754

Takardar Sarki kaɗai ba ta isa ba, sai an kuma saya daga 'yan asalin ƙasar, wato waɗanda mu ka saba kira Jajayen Indiyawa a finafinai. Ƙungiyar ƙabilu shida ta Iroquois ce ke iƙirarin iko da kwarin, duk da cewa 'yan Delaware ne ke zaune a ciki. A wajen babban taron da aka yi a Albany a 1754, wani ɗan kasuwa mai suna John Henry Lydius ya samo wa kamfanin takardar ciniki mai kwanan wata 11 ga Yuli, a kan fam 2,000. Cinikin nan ba a gaban majalisar ƙabilun aka ƙulla shi ba, bin shugabannin aka riƙa yi ɗai-ɗai. Mutanen Pennsylvania sun yi zargin cewa da giya aka sa wasu su ka sa hannu, kuma daga baya su kan su Iroquois sun ce ba su san zancen ba.

Iyalan Penn ma ba su zauna ba. A 1768, wajen yarjejeniyar Fort Stanwix, su ma su ka sayi wannan kwarin daga hannun Iroquois ɗin dai. Ka ga ke nan kyautar Sarki biyu, takardar ciniki biyu, fili ɗaya.

Kada mu wuce ba mu ambaci waɗanda aka fi zalunta ba. Teedyuscung, shugaban 'yan Delaware na Wyoming, ya daɗe ya na kukan kada a kawo baƙi kwarin. A cikin Afrilu na 1763 ya ƙone ƙurmus a cikin gidan sa, garin nasa ma wuta ta cinye shi. A Oktoba na wannan shekarar ɗan sa ya jagoranci harin da ya kori rukunin farko na 'yan Connecticut da su ka zo a 1762. Daga nan har ƙarshen labarin, duk kotun da za ta zauna ba za ta tambayi ɗan Delaware ko ɗaya ra'ayin sa ba.

Gari ya kafu, jini ya zuba

A Fabrairun 1769 mutum arba'in su ka iso daga Connecticut, su ka tarar mutanen Penn sun riga su kafa sansani. Har gobe akwai gari a wurin mai suna Forty Fort, wato ganuwar mutum arba'in. A shekarar ne kuma aka raɗa wa garin Wilkes-Barre suna. Daga nan aka shiga kora-in-kore-ka, yau waɗannan su kama ganuwa, gobe waɗancan su ƙwace. Zuwa 1771 'yan Connecticut su ka yi rinjaye. A 1774 gwamnatin su ta ɗauki yankin a hukumance ta sa masa suna Westmoreland, su na biyan haraji can gida, su na tura wakilai majalisa, alhali New York na tsakanin su da jihar tasu. A Kirsimetin 1775 Pennsylvania ta turo ɗaruruwan mayaƙa a ƙarƙashin William Plunket, Zebulon Butler da mutanen sa su ka tare su a mashigin kwarin su ka mai da su baya.

Ana cikin haka yaƙin neman 'yancin Amurka ya kunno kai. Kwarin ya ba da rundunoni biyu na majiya ƙarfin sa ga sojojin George Washington, aka bar tsofaffi da yara da 'yan tsirarun maza. Ran 3 ga Yuli, 1778, dakarun da ke goyon bayan Ingila a ƙarƙashin John Butler, tare da mayaƙan Seneca da Cayuga, su ka auka wa kwarin. An kashe kimanin mutum 300, aka ƙone gidaje, mata da yara su ka fantsama daji. Wannan ta'asar ce wani mawaƙi ɗan Sikotlan, Thomas Campbell, ya yi wa doguwar waƙa a 1809, waƙar da ta yaɗa sunan Wyoming a duniya. Waɗanda su ka tsira sun dawo, su ka sake gini, su ka sake shuka. Ka riƙe wannan a ran ka, mai karatu, domin waɗannan zawarawa da marayun su ne wasiƙar tamu ke magana a kai.

Shari'ar Trenton

A Maris na 1781 jihohi goma sha uku su ka fara aiki da yarjejeniyar haɗin kan su ta farko. Sashe na tara ya tanadi cewa in jiha biyu su ka yi saɓani kan iyaka, majalisar tarayya za ta kafa musu kotu ta musamman. Kafin shekarar ta ƙare Pennsylvania ta shigar da ƙara. Connecticut ta nemi a jinkirta, ta ce wasu muhimman takardun ta su na Ingila, yaƙi ya hana a ɗauko su. Ba a biya mata wannan buƙata ba.

Kotun ta zauna a garin Trenton na jihar New Jersey a Nuwamban 1782. Alƙalai biyar ne su ka saurari ƙarar: William Whipple daga New Hampshire, Welcome Arnold daga Rhode Island, David Brearley da William Churchill Houston daga New Jersey, sai Cyrus Griffin daga Virginia. Cikin lauyoyin Pennsylvania akwai James Wilson da Joseph Reed. Na Connecticut su ne Eliphalet Dyer, William Samuel Johnson da Jesse Root. Tun da farko lauyoyin Connecticut su ka roƙi a sanar da manoman da ke zaune a filin, tunda abin ya shafe su. Kotu ta ƙi, domin ita shari'ar jiha da jiha aka ɗora mata. Aka shafe kusan mako shida ana kai ruwa rana a kan ma'anar kalmomin da magatakardan Sarki su ka rubuta shekara ɗari da su ka wuce.

Ran 30 ga Disamba aka yanke hukunci, kuma gaba ɗayan sa bai wuce 'yan layuka ba. Connecticut ba ta da haƙƙi a filin da ake jayayya a kai. Iko da yankin, da haƙƙin saye daga 'yan asalin ƙasa, na Pennsylvania ne. Shi ke nan! Ba a faɗi dalili ba, ko guda ɗaya. Sai a 1796 Cyrus Griffin ya bayyana cikin wata wasiƙa cewa tun kafin su yanke, sun yi alkawari tsakanin su ba za su taɓa faɗin dalilan su ba, kuma duk wanda ra'ayin sa ya sha bamban zai bi masu rinjaye, don a ce baki ɗaya aka yanke.

Kada ka raina abin da ya faru a Trenton. Ƙasar jaririya ce, ko yarjejeniyar zaman lafiya da Ingila ba a kammala ba sai a Satumban 1783, kuma Turai ta zuba ido ta ga ko jihohin za su cinye junan su. Ga jiha biyu, kowacce da mayaƙan ta, sun yarda sun je gaban alƙali, wadda aka kayar kuma ta haƙura. Robert Livingston, sakataren harkokin waje na lokacin, har ya rubuta wa Lafayette na Faransa ya na alfahari da abin, ya na fatan wata rana ƙasashen Turai ma za su riƙa warware rigingimun su ta wannan hanya. Wannan ce kaɗai shari'ar da aka kai ƙarshen ta a ƙarƙashin sashe na tara.

Wasiƙar washegari

To, yanzu mun iso. Kashegarin hukunci, kafin su watse, alƙalan su ka rubuta wa John Dickinson, shugaban majalisar zartarwa ta Pennsylvania, wata wasiƙa. Tun a farkon ta sun nuna cewa a matsayin 'yan ƙasa su ke magana, domin aikin alƙalancin ya ƙare jiya. Abin da su ka ce a taƙaice shi ne, a yayin shari'a sun fahimci halin da mazauna kwarin ke ciki da irin wahalar da su ka sha. Hukuncin su ya tsaya ne a kan wace jiha ke da iko, bai taɓa batun wane ne mai wace gona ba. Saboda haka su ka roƙi a bar kowa a inda ya ke, kada a tayar da kowa, har sai an bi hanyar shari'a an duba haƙƙin kowane mutum.

Ka duba bambancin takardun nan biyu da kyau. Ta farko an kai ta majalisar tarayya, an shigar da ita kundi, ta zama doka. Ta biyun roƙo ce kawai, babu hatimin kotu a kan ta, wanda aka aika wa ya ga dama ya bi, ya ga dama ya ajiye. Mutanen da su ka rubuta ta su ne dai waɗanda jiya alƙalamin su ya sauya wa dubban mutane jiha. Yau kuma sai ga su su na lallashi. Duk abin da ya shafi rayuwar talaka, wato gonar sa da rufin ɗakin sa da kabarin ɗan sa, a cikin takardar da ba ta da ƙarfi ya faɗa.

Ni a gani na, wasiƙar nan ta nuna alƙalan sun san abin da zai biyo baya. Mutum ba ya roƙon a yi sassauci sai ya hango mugunta na tafe. Za ka iya yi musu uzuri, ka ce hurumin su bai kai nan ba, kuma gaskiya ne, sashe na tara ya ware wata kotu daban don haƙƙin ɗaiɗaikun mutane. Manoman sun nemi a kafa ta, majalisar tarayya ta amince a farkon 1784, amma kotun ba ta taɓa zama ba. Sai dai ina ganin da sun sa ko layi ɗaya a cikin hukuncin kan sa, su ka ce wannan bai shafi gonakin mutane ba, da masu son fakewa da shi sun rasa mafaka.

Abin da ya biyo baya

Masu takardun filaye na ɓangaren Pennsylvania, waɗanda da yawan su manyan mutane ne a Philadelphia, sun karanta hukuncin yadda ya yi musu daɗi: tunda Connecticut ba ta da haƙƙi, to duk wanda ya samu gona ta hannun ta ɗan kama-wuri-zauna ne. Aka tura wakilin su Alexander Patterson da muƙamin alƙalin sulhu, ga sojoji a bayan sa. Har sunan Wilkes-Barre ya sauya zuwa Londonderry. A Maris na 1784 ƙanƙarar kogi ta narke, ambaliya ta share gidaje da dabbobi. Mutane ba su gama tsane kayan su ba, a watan Mayu, Patterson ya kori iyalai kusan 150 da bakin bindiga. Mata masu goyo da tsofaffi su ka taka a ƙasa ta cikin daji, tafiyar kwanaki, su ka nufi kogin Delaware. Waɗannan fa su ne mutanen da su ka binne mazajen su a 1778 saboda ƙasar.

Abin ya yi munin da a cikin Pennsylvania kan ta aka yi tir da shi, har majalisar da ke sa ido kan tsarin mulkin jihar ta yi Allah-wadai a wannan shekarar. Korarrun su ka dawo da makamai a ƙarƙashin John Franklin, aka koma gidan jiya. A 1786 Ethan Allen, wanda ya yi suna wajen ɓalle Vermont daga New York, ya zo kwarin, aka fara raɗe-raɗin kafa sabuwar jiha. Nan fa hankalin Philadelphia ya tashi. A shekarar aka ƙirƙiro gundumar Luzerne, aka tura Timothy Pickering ya shirya zaɓe. A 1787 aka yi dokar tabbatar wa tsofaffin mazauna gonakin su. Masu takardu su ka yi ca, aka dakatar da dokar a 1788, aka soke ta a 1790. A tsakanin nan an kama Franklin an ɗaure a Philadelphia, yaran sa kuma su ka sace Pickering su ka riƙe shi a daji kusan mako uku.

Sai a Afrilun 1799 aka yi dokar sasantawa. Manomin da ya zauna tun kafin hukuncin Trenton zai biya ɗan kuɗi gwargwadon kyawun gonar sa ya karɓi takardar Pennsylvania, shi kuma mai tsohuwar takarda gwamnati ta biya shi diyya. In ka lura, kusan abin da wasiƙar ta roƙa ke nan: a bar mutane a inda su ke, a duba haƙƙin kowa ɗaya bayan ɗaya. An ɗauki shekara 16 kafin a zo nan, kuma aikin tantancewar ya ci wasu shekarun.

Wa ya ci, wa ya sha ƙasa?

Ita Connecticut da aka ce an kayar, ba ta tashi a tutar babu ba. Lokacin da ta sallama wa tarayya iƙirarin ta na yamma a 1786, an bar mata wani makeken yanki a arewa maso gabashin Ohio ta yau. A 1795 ta sayar da mafi yawan sa a kan dala 1,200,000, ta zuba kuɗin a asusun makarantun ta. Birnin Cleveland a wannan yankin aka kafa shi a 1796. Shi ya sa wasu masana tarihi ke zargin ko an yi wata fahimtar juna ta bayan fage, a ba ki can, ki haƙura da nan. Pennsylvania kuwa ta samu kwarin da daga baya aka gano ya na kwance a kan ɗimbin gawayin kwal mai daraja. Ita ma tarayya ta koyi darasi, domin tsarin mulkin 1787 ya ɗauke irin wannan shari'a daga kotun wucin-gadi ya miƙa ta ga Kotun Ƙoli. James Wilson, William Samuel Johnson da David Brearley, waɗanda su ka haɗu a Trenton, duk sun sa hannu a wannan tsarin mulkin.

Takardun wannan rikici, wasiƙu da koke-koke da bayanan tarurruka, an tattara su an buga cikin kundi 11 tsakanin 1930 da 1971. Saboda wani ya adana su ne mu ka san cewa alƙalan Trenton sun yi magana sau biyu, kuma ta biyun ce ta fi kusa da halin da mutane ke ciki.

Ina kira ga marubutan mu da masu shirya fim. Labarin rikicin gado da na fili ya cika littattafan mu da faya-fayan mu, amma sau da yawa da alƙali ya buga guduma sai a nuna dangi na rungumar juna, a rubuta "Alhamdulillahi". Ku gwada fara labarin daga washegarin hukunci. Ku nuna mana matar da takarda ta ce ba ta da komai alhali ita ta share gonar, da alƙalin da ya koma gida ya kasa barci ya ɗauko alƙalami. A ƙarshen "Shane" jarumi ya hau doki ya tafi, manoma su ka ci gaba da zama a gonakin su. A Wyoming ta gaskiya babu jarumin da ya zo, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kora a 1784 sun riga mu gidan gaskiya kafin takardar gonar su ta fito.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.